Dokar Zare a Gidan Ubale

Duk wanda ya zauna a Dangora a shekarun nan na wahalar fetur ya san Ubale Injiniya, in ma bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Ni kuwa, Hamidu tela, Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da shi, shagona yana jingine da katangar gidansa. Saboda haka abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi, kuma da zarena aka yi shi.

Ga asalin injiniyancin nasa. Ya yi 'yan shekaru a Kano a wani kamfani, aikinsa share ɗakin da suke ajiye wata babbar kwamfuta da goge mata ƙura. Da aka rage ma'aikata sai ya dawo gida da tabarau na ado, da birori a aljihu, da labarin da ba ya ƙarewa. In ka ce masa yau ana zafi, sai ya ce ai shi a ɗakin kwamfuta har rigar sanyi yake sawa. In akuyarka ta ɓata, sai ya ce rashin tsari ne.

Labarin da ya fi so shi ne na dokar kwamfutar. Wai ma'aikatan kamfanin da ke Kaduna da Legas suna shiga cikinta daga can inda suke, ta wayar tarho. To don kada wani ya shigo daga nesa ya yi ɓarna, aka kafa mata doka. Duk wanda ya shigo daga nesa sai ta killace shi a wani shinge, ta manna masa alama. Kowane abu da ke cikinta ma da tasa alamar, ba ka taɓa shi sai taka ta dace da tasa, kuma abin da ba a ce an yarda ba, to an hana. Wai ko manajan kamfanin bai isa ya ce a ɗaga wa wane ƙafa ba. A nan ne Ubale kan cire tabarau ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce abin da ya kashe mu ƙauyawa ke nan, sanayya.

Matarsa Kulu 'yar Malam Dikko ce, wani dattijon Bafulatani mai shanu da gona a wajen Tudun Wada. Cikinta na fari, naƙuda ta riga ta tafiya goyon ciki, ta haihu a ɗakinta, namiji. Malam Dikko ya aiko cewa da kansa zai zo ranar suna, kuma zai koro karsana kyautar jika, ta zauna a gidan uban yaron.

Wannan saƙo ne ya juya wa Ubale kai. Mutumin da bai taɓa mallakar abin da ya wuce kaza ba. Kafin yamma karsanar ta haihu a bakinsa, 'ya'yanta sun haihu, ya ware bijimai na garma, yana neman wanda zai riƙa kai masa nono Kano. Abu ɗaya ya dame shi. Ya san yadda suna yake a garinmu: 'yan cin arziki su cika gida, wannan ya leƙa tukunya, wancan ya yi gaba da cinyar rago. Ya ce in surukinsa ya ga irin wannan hargitsi zai iya cewa gidan bai cancanci dabba ba. Don haka zai nuna masa tsarin da ko a Kano sai manyan kamfanoni.

Ana gobe suna ya shigo shagona ya kwashe mini zaren kwalliyar hula. Ja na mata ne da duk abin da ke madafa. Kore na malamai da dattawa, iyakarsu zaure. Shuɗi na bayan gida, inda rago yake. Rawaya kuwa na duk wanda ya biyo hanya daga wajen gari. Ya kewaye gindin ɗorawar ƙofar gidansa da zana, ya ce nan ne shingen masu shigowa daga nesa, a nan za su zauna har mai farin zare ya fito daga cikin gida ya canza musu launi. Farin zare kuwa mutum ɗaya ne zai ɗaura, shi.

Na ce masa, Ubale, baƙi fa ba fatiha suka zo karɓa a bayan zana ba. Ya ce in tsaya a kan almakashina.

Mai gadin da ya ɗauko shi ne Isa Kofur, tsohon sojan da ya yi yaƙin basasa, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin haƙoransa ba. Isa ya saurari doka tsaf, sannan ya yi tambaya irin ta soja: in wani ya zo daga hanya da farin zare a hannunsa fa? Ubale ya ce wannan ai shi ne babban ɓarawo, kowa zai iya ɗaura fari a hanya, a tsinke shi a jefa shi shinge. Isa ya sake tambaya: in shi maigida ya ce a bar wane ya wuce fa?

"Ko ni na ce, kada ka ji," in ji Ubale. "Baki ba ya magana a gidan nan gobe, Kofur. Zare ke magana."

Ya sa shi ya rantse a gabana da gaban wasu dattawa. Isa ya rantse, ya ƙame, ya sara masa. Na ga yadda sarawar nan ta yi wa Ubale daɗi, har wani tsayi ya ƙara.

Da safe aka ɗaura mini kore, na zauna a zaure, inda nake hangen waje da cikin gida lokaci guda. Wanda ya fara faɗawa tarko shi ne malamin da zai raɗa suna, wani tsoho abokin mahaifin Ubale, da ya taso daga Bebeji. Yana sauka daga acaɓa Isa ya ɗaura masa rawaya ya nuna masa zana. Malam ya ɗauka banɗaki ake nuna masa, ya ce a'a, da alwalarsa. Sai da Ubale ya fito yana taƙama ya canza masa zuwa kore, yana yi masa bayanin wayar tarho. Malam ya ce Allah ya kyauta, ya zauna.

Aka zo rabon goro. Ashe an manta ba a ɗaura wa kwandon komai ba. Isa ya ɗora sandarsa a kai ya ce abin da ba shi da zare ba a taɓa shi. Dattawa suka yi tsuru suna kallon goro, goro yana kallonsu, har aka nemo Ubale ya ɗaura. Ya ce mana wannan shi ake kira gwaji, kuma tsari ya ci jarrabawa.

Sai Balarabe mahauci ya leƙo daga bayan gida, da shuɗin zarensa, yana neman wuƙarsa. Ashe jiya ya ba Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifin Ubale da ke jagorantar girki, aron wuƙar ta yanka kabewa, Ubale kuma ya sami wuƙar a madafa ya ɗaura mata ja. Balarabe bai isa ya taɓa ja ba, Gwaggo ba ta isa ta tsallaka shuɗi ba. Suka tsaya, wuƙa a kan turmi tsakaninsu, suna musayar baƙar magana. Gwaggo ta ce ita tun kafin a haifi Ubale take shiga bayan gidan nan, yau kuma zare zai hana ta, to ta zauna ta gani. Balarabe ya ce shi dai a ba shi wuƙa ko a ba shi izini ya shaƙe ragon.

Ubale ya zo da gudu zai canza wa wuƙar launi, sai ya tarar da wata sabuwa. Ragon ya lanƙwasa wuya ya cinye zaren da aka ɗaura masa a ƙafa. Isa, wanda ya biyo shi don ganin doka, ya ce yanzu rago ba shi da alama, babu mai taɓa shi. Ubale ya laluba aljihu, babu shuɗi. Ya riga ya ƙarar da shi jiya, don sai da ya ɗaura wa turke, da akurki, da tsintsiya, da kowace kaza ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙo zaure ya tambaye ni. Na ce masa ko silin shuɗi bai bar mini ba.

Na ba shi shawarar ya kwance na kaza ɗaya. Ya ce haba, sai kazar ta zama ba ta da izinin zama a gidan? Ya ce a jira shi, yanzu zai je Kwanar Dangora ya sayo. Ya haye acaɓar da ta kawo Malam, babbar rigarsa tana kaɗawa, ya tafi.

Fetur ya ƙare musu a hanya, wannan daga baya muka ji. Mu dai abin da muka gani shi ne hantsi ya ɗaga, baƙi suna ta sauka. Dangin Ubale daga Kiru, wani kawunsa mai haƙar kuza daga Riruwai, mata da goyo daga Doguwa, da wani maroƙi da ba wanda ya gayyata. Kowa Isa ya ɗaura masa rawaya ya tura shi bayan zana. Inuwar ɗorawa ta yi musu kaɗan. Maroƙin ya fara wasa Ubale da kirari, da ya ga ba ko ruwan sha sai ya juya kirarin, ya koma tambayar jama'a ko wani ya san laifin da suka yi. A madafa an sauke tuwo da shinkafa, amma kwanukan ja ne, masu ci kore da rawaya. Ƙamshi kawai ke da izinin fitowa.

Ana cikin haka sai ga Malam Dikko, a ƙafa, da malafa da sanda a kafaɗa, ya kwana a hanya. Bayansa mata da ƙoren nono da man shanu, gabansa kuma karsana. Ni ba makiyayi ba ne, amma na san abu mai kyau: fara sol, ga tozo ya fara tasowa, tana tafiya tana yanga. Dattawan zaure suka miƙe za su tare shi, Isa ya gitta sanda ya tuna musu cewa kore iyakarsa dokin ƙofa. Daga nan muka riƙa jefa masa gaisuwa, muna sannu da hanya, kunya kamar ta kashe mu.

Isa ya ɗaura wa dattijon rawaya. Ya tsaya yana nazarin karsana, ya yanke hukuncin cewa ita ma daga nesa take, ya ɗaura mata a ƙaho ya tura ta shinge tare da mutane. Malam Dikko ya dubi zaren hannunsa, ya dubi gidan da 'yarsa da jikansa suke ciki. Ya shimfiɗa buzunsa a rana ya zauna, ya bar wa mata inuwa. Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Can sai ga Ubale, ya yi gumi sharkaf, da ƙullin shuɗin zare a hannu. Yana hango farar karsana ta saman zana ya diro tun acaɓa ba ta tsaya ba, ya nufi zaure don ya fito a matsayin mai farin zare. Sanda ta tare shi a ƙirji.

"Daga ina?" in ji Isa.

"Kofur, ni ne fa."

"Na gane ka, ranka ya daɗe. Daga ina?"

"Daga Kwana. Zare na je saye, a gabanka na fita."

"Kwana wajen gari ce." Isa ya kama hannunsa, ya tsinke farin zaren, ya ɗaura masa rawaya. "Shinge."

Ubale ya yi dariyar yaƙe ya ce to gwaji ya isa, yanzu shi maigida ya ba da umarni a buɗe. Isa ya ce baki ba ya magana a gidan nan yau. Ubale ya ce shi ya kafa dokar. Isa ya ce shi ya sa yake girmama ta. Ubale ya ce ya soke ta. Isa ya ce sokewar ma da baki aka yi ta, kuma shi ya rantse a gaban shaidu, ga Hamidu tela nan a tambaye shi. Duk idanu suka juyo kaina. Na ce gaskiya dai an rantse, kuma ba zan ɓoye muku ba, da daɗi na faɗe ta.

Haka aka tusa ƙeyar maigida bayan zana, kuma wurin da ya rage a ciki ɗaya ne tak, gefen buzun surukinsa. Mutumin da a al'ada in ya hango surukin nan a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa, yau ga su gwiwa da gwiwa. Ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya tambayi shanu, ya tambayi damina, ya sake tambayar shanu. Da gaisuwa ta ƙare masa, maimakon ya yi shiru, sai ya shiga yi wa dattijo bayanin kwamfuta, wai duk wannan don tsaron karsanar aka yi shi.

Malam Dikko ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi magana a karo na farko.

"A can Kanon, in maigidan ya faɗa shingen, wa ke buɗe masa?"

"Akwai injiniya, Baffa. Shi yana zaune a gaban na'urar, ba ya fita."

"To ina naka injiniyan?"

Ubale ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

Maroƙi ya ɗauki wannan amsa ya sa mata kiɗa nan take, matan Doguwa suna amshi.

Daga nan Ubale ya rikice. Ya ɗaga murya ta saman katanga yana roƙon Gwaggo Asibi ta ɗaura farin zare ta fito ta cece su. Gwaggo ta amsa daga madafa cewa ita ja ce, ba ta isa ta taɓa fari ba, ai shi ya koya mata. Ya roƙe ni. Na ce ni kore ne, kuma farin ma yana shago, shago kuma ba zaure ba ne. Malam na Bebeji ya aika a tambaya ko za a raɗa sunan yau, ko sai yaro ya yi wayo ya zaɓa da kansa.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarunsa. In ya hau reshen ɗorawa ya dira cikin gida ta katanga, to ya zama wanda ya fito daga ciki ke nan. Ya tattare babbar riga, ya ciji ƙullin zare a baki, ya kama reshe, a gaban surukinsa da dangi da rabin garin da suka taru kallo. Ya kai tsakiya rigar ta sarƙe a wani kututture. Ya yi lilo, ƙafafu suna harbin iska, takalmi ɗaya ya faɗa ƙwaryar nono. Ni tela ne, tun kafin ɗinkin ya saki na ji ƙararsa. Rigar ta tsage daga wuya har ƙasa, Ubale ya faɗo tim a gadon bayan karsana.

Dabbar da ba ta saba da taro ba, ga kiɗa, ga rana, ga mutum daga sama. Ta yi tsalle ta watsar da shi, ta bi ta cikin zana kamar takarda, ta shigo zaure. Dattawa masu kore suka watse, wasu waje wasu cikin gida, ba wanda ya tsaya duba hannunsa. Kwandon goro ya tashi sama. Ta faɗa madafa ta kifar da tukunyar miya, ta taka tuwo, Gwaggo Asibi ta tsallake turmi da shekarunta ta faɗa bayan gida, yankin shuɗi. Rago ya tsinke igiya ya fito titi, Balarabe na bin sa hannu wofi. Isa Kofur kuwa yana bayan karsana da sanda yana ba ta oda ta tsaya, wai rawaya ce, ba ta da izinin shiga madafa.

Malam Dikko ya tashi a hankali, ya naɗe buzunsa, ya tsaya a ƙofar zaure ya yi wani ɗan kira da harshensu, sau ɗaya. Karsana ta fito da miyar kuka a hanci, ta zo ta sa kai a hammatarsa. Ya kwance zaren ƙahonta da na hannunsa, ya miƙa wa Isa, ya yi masa godiya da aiki.

A bakin titi aka raɗa sunan, kowa a tsaye, bayan samari sun kamo rago a gonar dawa. Ubale ya raɗa wa Malam na Bebeji sunan yana riƙe da tsagin rigarsa da hannu ɗaya. Aka shafa fatiha, aka tsinci goron da ya tsira daga ƙasa. Ana gamawa Malam Dikko ya aika matan da suka biyo shi su shirya Kulu da jariri, ya ce za ta je gida wankan jego kamar yadda aka saba. Wannan ba wanda ya yi mamaki. Sai kuma muka ga ya ɗaura wa karsana igiya.

Ubale ya zube a gabansa, a gaban kowa, ya ce Baffa a yi haƙuri, kuskuren na'ura ne, gobe zai gyara tsarin.

"Ban fasa ba," in ji Malam Dikko, murya ƙasa-ƙasa. "Ta jikana ce, ita da duk abin da ta haifa. Amma dabba ba ta iya jiran a je Kwana a sayo zare kafin a ba ta ruwa. Za ta zauna a ruga. In ya girma ya zo ya kori abinsa."

Aka samo wa mai jego mota. Dattijo ya saɓa sandarsa ya kama hanya, karsana na biye da shi. Jama'a suka watse suna dariya, wasu har da riƙe ciki, maroƙi ya tafi da sabuwar waƙa. Ni ma na tanadi maganganun da zan gasa masa, na daɗe ina tara su. Na same shi a gindin ɗorawa cikin karyayyiyar zana, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana kallon hanya har farin karsanar ya ɓace a bayan gonaki. Idanunsa sun kawo ruwa.

"Hamidu," ya ce, "wallahi na so saniyar nan."

Sai tausayinsa ya kama ni. Na ce ya kawo rigar in ga ko za ta ɗinku. Ya tuɓe ya ba ni, sannan ya miƙo mini ƙullin shuɗin zaren, ko warware shi ba a yi ba. Ya ce in yi wa yaron 'yar hula da shi, in ya samu mai zuwa Tudun Wada zai ba da a kai masa.